Wayar Hannu da Jinyar Wanda Ya Bugu a Ka

Jama'a, kowa ya san yadda babura suka yi yawa a ƙasarmu. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Kurfi, ta shiga Dutsin-Ma, ya ga haka da idonsa. Babur yana da amfani ƙwarai, amma in ya ka da mutum, sau da yawa kai ke fara isa ƙasa. Karayar ƙafa ana ganinta a fili. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa a ɓoye yake cikin ƙoƙon kai. Babbar wahalar ita ce, wanda ya suma ba ya iya faɗin abin da yake so. Tilas danginsa su yanke shawara a madadinsa, ga ruɗewa, ga gaggawa.

Tun shekarar 2001 wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya. Bari mu ga yadda ita da sauran na'urorin zamani za su taimaki iyali a wurare uku masu wuya.

Shawara ta farko: a kai shi asibiti ko a jira?

Wani in ya faɗi sai ya tashi ya kaɗe riga, har ya yi raha. Kada wannan ya ruɗe ku. Mai yiwuwa jijiya ta tsinke, jini yana taruwa a hankali cikin kai. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa kamar buhu, saboda haka jinin sai ya danne ƙwaƙwalwa. Ku lura da waɗannan alamu: amai a kai a kai, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar hannu ko ƙafa, da magana ba kan gado. In kun ga ko ɗaya, ba sauran jira.

Nan ne aikin waya na farko. A buga 122, lambar ma'aikatan kiyaye haɗurra, ko 112, lambar neman agaji. In ba a samu ba, a kira mai mota. Kafin ta iso, kada a ɗura wa sumamme ruwa ko fura, gama zai shaƙe. Wajen ɗaukarsa wani ya riƙe kai da wuya sosai, kada su lanƙwashe. A duba agogon waya, a riƙe lokacin da ya faɗi, domin likita zai tambaya. Wani babban bincike na shekarar 2019 ya nuna akwai allura mai rage zubar jini cikin kai, amma amfaninta sai an yi ta cikin awa 3.

Shawara ta biyu: a wuce gaba, a yarda da tiyata?

A asibiti za ku ga likita yana kiran sunan majinyaci, yana matsa masa farce, yana haska idonsa da tocila. Awo yake yi. Likitoci 2 na birnin Gilasgo, Teasdale da Jennett, su suka tsara wannan awo a 1974. Ana duba abu uku: buɗe ido, magana, da motsi. Mai cikakken hankali yana da maki 15, wanda ya yi nisa ƙwarai yana da 3. In maki ya zama 8 ko ƙasa da haka, rauni ya yi tsanani. To, ku tambayi makin kullum, ku rubuta shi. Ta haka za ku gane ko gaba ake yi ko baya. Ga amfanin karatun da kuke koyo.

In abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a ce a tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano a Kano. Dalili shi ne a ɗauki hoton cikin kai da wata na'ura da ake kira siti sikan. A Landan aka fara gwada ta a kan majinyaci cikin 1971. Kwamfuta ce ke harhaɗa hoton, ta nuna inda jini ya taru. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu, amma yanzu likitanku yana iya aika hoton ta waya zuwa ga gwani a wani gari, ya ji ra'ayinsa nan take. Ku roƙi likita ya nuna muku hoton, gama gani ya kori ji. Kafin ku tashi kuma, a buga waya can a tabbata akwai gado, na'urar kuwa tana aiki.

Shawara ta uku: in suma ta daɗe fa?

Wannan ita ce mafi nauyi. Kwana ya yi kwana, kuɗi suna ƙarewa, gona tana jira, kowa yana tambaya: zai tashi kuwa? A 2008 masana a Landan suka tattara labarin majinyata fiye da 10,000 daga ƙasashe da yawa, suka shirya wani lissafi mai suna CRASH, suka sa shi a intanet. Likita yana shigar da shekarun majinyaci, da makinsa, da yadda idonsa ke amsa haske, da abin da hoto ya nuna. Sai kwamfuta ta ƙiyasta yadda masu irin wannan rauni suka kasance bayan kwana 14 da bayan wata 6.

Ku fahimci wannan da kyau. Misali, in ta ce 60 cikin 100 ba su warke ba, ashe 40 sun warke. Kwamfuta ta san mutum ɗari, amma ba ta san cikin wane kashi naku yake ba. Ba ta san halinsa ba, ba ta san abin da yake cewa game da ciwo ba sa'ad da yake lafiya. Ku kuka san wannan. Rai kuwa a hannun Allah yake. Saboda haka lissafi fitila ce ta duba hanya, ba alƙali ba ne.

Yadda za a yi shawara

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, shi zai riƙa magana da likita. Da izinin likita ya ɗauki bayanin a waya, ya aika wa 'yan'uwa na Kaduna ko Legas ta WhatsApp, kowa ya ji da kunnensa. Kada a manta da matar majinyaci da mahaifiyarsa, gama yawancin jinya a kansu take faɗawa. Ga abin da za a tambaya: In an yi aikin, me ake fata? In ba a yi ba fa? Nawa ne kuɗin? In an koma gida, wa zai koya mana ba shi abinci, da juya shi kowace awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo?

Abu biyu kuma ku kiyaye. Kada ku watsa hoton majinyaci a waya, wannan tonon asiri ne. Kada kuma ku saurari masu tallan magani a waya da ke cewa suna ta da sumamme. Kuɗinku kawai suke so.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Hular kwano ba ta kai kuɗin hoton kai ɗaya ba. Mai babur da wanda ya goya, kowa ya sa tasa, ya ɗaure igiyar.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 4 da ke nuna rauni ya kai ƙwaƙwalwa.
2. Don me ba a ba sumamme ruwa?
3. Mene ne kwamfuta ba ta sani ba, amma iyali sun sani?
4. Rubuta lambobin neman agaji a littafinka.