Aikin Tuba Bayan Ikirari a Ɗarikar Katolika

A cocin Katolika, ko a Roma ko a Kafanchan, akwai lokacin da aka keɓe don ikirari, galibi Asabar da yamma, kuma layin ya fi tsawo a azumin da ke gabanin Ista. Mai tuba yakan durƙusa, raga tsakaninsa da Fada, wanda ya rataya siririn ƙyalle mai launin shunayya a wuya. Zai faɗi yaushe rabonsa da ikirari, sannan ya zayyana zunubansa da bakinsa. Abin da Fada ya ji a nan ya faɗa rijiya ke nan. In ya tona, ya fita daga tarayyar coci nan take.

Kafin Fada ya ɗaga hannu ya furta gafara, sai ya ɗora wa mutum aikin tuba: addu'ar Ubangiji sau kaza, ko jan carbi, ko azumi, ko sadaka. Babban taron coci na Trent, a zamansa na 1551, ya lissafa wannan aiki tare da nadama da ikirari a matsayin abubuwa uku da ke wuyan mai tuba. Hujjar taron ita ce gafara tana share laifi, amma ɓarnar da laifin ya yi tana nan sai an gyara.

A ƙarnonin farko abin ba wasa ba ne. A bainar jama'a ake yin tuban, wani yakan yi shekara da shekaru ba ya karɓar Jibin Ubangiji, sai ya kammala a sulhunta shi. Ko sarki bai tsira ba: a 390 Bishop Ambrose na Milan ya sa Sarki Theodosius tuba a fili saboda kisan kiyashin Tasalonika. Sufayen Ireland ne suka yaɗa ikirari a asirce tun wajen ƙarni na 6, da littattafan da suka yanka wa kowane zunubi adadin azuminsa. A hankali tsarin ya juye, gafara ta riga aikin.

Yau mutum kan gama addu'o'insa cikin 'yan mintoci a kan benci, har wasu na ganin an yi araha da yawa. A ganina sun manta da haƙƙin mutane. Wanda ya saci akuya, carbi ba ya sauke masa nauyi, sai ya mayar da ita ko kuɗinta, ko da a ɓoye ta hannun wani. Wanda ya yi ƙazafi kuwa, sai ya koma wurin waɗanda ya faɗa wa ya janye maganarsa.