Abin da Ya Yi a Biu Ba Lallai Ya Yi a Bulumkutu Ba

Da zarar bazara ta ƙarato, masu tallar iri sukan cika WhatsApp da bakin tasha. Wannan ya ce riɗi, wancan ya ce zoɓo ko zogale, kowa na rantsuwa cewa kamfani na nan yana jiran kaya. Mazaunin unguwar Bulumkutu a Maiduguri da ke da 'yar gona wajen Njimtilo ko Auno, ga tsadar taki ta ishe shi, sai ya fara tunanin sallamar gero da wake.

A yi hattara. Sabuwar shuka ba ta zama a wuri don an yabe ta.

Dubi waken suya. Tsakanin 2004 da 2009, shirin PROSAB, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta jagoranta da tallafin Kanada, ya yaɗa shi a Biu da Hawul da Kwaya Kusar da Dambuwa a kudancin Borno, kuma ya karɓu. Dalili? Damina ta fi tsawo a can, an haɗa manoma da masu saye, an kuma koya wa mata yin awara da madara, ta yadda ko kasuwa ta faɗi, gida zai ci. Mu kuwa ruwan Maiduguri bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, ƙasar hanyar Damaturu kuma jigawa ce mai saurin bushewa. Jiha ɗaya muke, amma gona ba ɗaya ba.

Ko gwamnati ta taɓa cin wannan tuwo. A shekarun 1970 aka kafa katafaren aikin noman rani na Marte don alkama da shinkafa, sai Tafkin Chadi ya ja baya, magudanan suka bushe. Cinidazugu kuma, da aka yi ta kururutawa wajen 2008 wai za a tatsi man mota daga 'ya'yansa, ina masu sayen yau?

Riɗi da zoɓo kam suna jure ƙarancin ruwa, kuma jigawa ba ta dame su ba. Matsalarsu daban ce. Riɗi ba ya jira: in ya nuna ba a yanke ba, sai ya fashe ya zube, in an yanke kuma sai an jingine shi a gona ya bushe. Wanda rashin tsaro ke iya hana shi zuwa gona kwanaki, ya fara yin wannan lissafin. Shi ko zoɓo, farashinsa a hannun ƙetare yake. Da Meziko ta dakatar da shigo da na Najeriya saboda ƙwari, buhuna suka taru a rumbunan Kano da Jigawa. Kuma ba a miya da furensa har a ƙoshi.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin iri, ka ga mai sayen ido da ido, ka ji mudu nawa, a ina zai karɓa, wa zai biya kuɗin mota. Ka tambayi malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato BOSADP, ko ka leƙa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke hanyar Gamboru Ngala, wadda ta fitar da geron SOSAT mai saurin nuna. Shekarar farko, ka ware 'yan kunyoyi a gefe ka gwada, sauran gonar ka bar wa gero da wake.