Gas a Tankin Fetur: Kada Ka Murɗa Makulli

Duk wanda ya san cikin birnin Zariya ya san ba kowane inji ne ke shan mansa daga famfon gidan mai ba. Manyan gidajen mai sun fi yawa a wajen ganuwa, ta Tudun Wada da Ɗan Magaji da Kwangila da PZ. A ciki kuwa, daga Babban Dodo zuwa Kwarbai, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Gayan, mai a jarka yake yawo, da galan, da gorar ruwa. Ɗan bumburutu ya kafa teburinsa a bakin titi, ya jera galan-galan, mazurari da tiyo na rataye a gefe. Mai injin markaɗe ya aiki yaro ya sayo masa gas, maigida ya ajiye na janareto a zaure, ɗan acaɓa ya tsaya a zuba masa lita ɗaya. Jarkokin kuma kusan duk iri ɗaya ne, rawayar nan mai cin lita 25 da aka cinye man girkin cikinta, wadda 'yan garuwa ma da ita suke sana'a. Babu rubutu a jikinta, babu alama. Idan aka ɗauke wuta da magariba, yaro ya shiga zaure ya ɗauko ta hagu maimakon ta dama, shi ke nan, man dizal, wanda muka fi sani da gas, ya shiga tankin motar fetur.

Masu ƙera motoci sun daɗe da tunanin wannan kuskure. Kan famfon fetur a gidan mai faɗinsa kusan milimita 21 ne, na gas kuma ya kai 24 zuwa 25, sannan aka tsuke bakin tankin yawancin motocin fetur yadda kan famfon gas ba zai shiga ba. Dabara ce mai kyau, amma an yi ta ne don ƙasashen da kowa ke shan mai a famfo. Mazurarin ɗan bumburutu ba ruwansa da wannan lissafi, duk abin da aka tsiyaya masa zai wuce. Saboda haka kariyar da direban Ingila ko Jamus ke samu kyauta, mu a nan sai mun yi ta da idonmu da hancinmu.

Me ya sa abin yake da illa, alhali daga ɗanyen mai guda ake tace su duka? Domin injinan biyu ba hanya ɗaya suke bi su kunna wuta ba. Injin fetur, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita tsarinsa a 1876, yana zuƙo iska gauraye da tururin fetur, fistin ya matse su zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Injin gas kuwa, wanda Rudolf Diesel ya samu ya tashi sosai a 1897 a garin Augsburg, ba shi da fulogin ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta zuwa kashi ɗaya cikin 15 ko 20, har zafinta ya haura digiri 500, sai a feso gas a cikinta ya kama da kansa. Kowane mai an tace shi ne daidai da halin injinsa. Fetur mara nauyi ne, mai saurin tashi, yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Gas mai kauri ne, mai maiƙo, sai ya yi ɗumin da ya wuce digiri 50 kafin tururinsa ya isa kama wuta. Bambancinsu a hannu kamar na turaren fesawa da man gyaɗa ne: ɗaya ya bushe nan take, ɗaya ya zauna a fata.

To, ga abin da ke faruwa idan gas ya shiga motar fetur aka tayar. Da farko ba za a ga komai ba, domin akwai sauran fetur a cikin bututu, motar za ta iya tafiya daga Fada har ta fita Ƙofar Doka lafiya lau. Wannan ne ke yaudarar mutane. Da zarar gaurayen ya iso, sai ta fara shaƙewa, a taka totur ta ƙi amsawa, farin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe daga salansa, injin ya riƙa karkarwa har ya mutu. Gas ɗin bai zama tururi ba, ɗigo-ɗigo ya shiga, ya jiƙa fulogi. Idan bakanike ya kwance fulogin ya nuna maka, za ka ga kansa baƙi ƙirin, a jiƙe, yana sheƙi, ka shafa yatsa ka ji santsi. Ɗan abin da ya samu ya ƙone kuma ba ya jiran fulogi, matsi kaɗai ke tayar da shi tun lokaci bai yi ba, shi ne ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji idan an ɗora wa motar nauyi, kuma fistin ne ke shan wannan duka. Wanda bai ƙone ba yana zurarewa ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, wani kuma ya bi salansa ya je ya dafa matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, wadda kuɗinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya ajiye mota.

Duk wannan ɓarna tana da mafari guda, shi ne murɗa makulli. Muddin gas yana cikin tanki kawai, babu abin da ya lalace. Aikin bai wuce a zuƙe tankin, a ɗauraye da ɗan fetur, a zuba sabo ba. Amma motocin yanzu famfon mansu na lantarki ne, a cikin tanki yake zaune, kuma ba ya jiran injin ya tashi. Kana murɗa makulli fitilun gaban direba suka kawo, za ka ji ɗan zuu daga baya na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon ne ya riga ya tura abin da ke tankin zuwa filta da injekta. Don haka wanda ya farga tun a wurin zubawa, kada ya ce bari in ɗan matsar da ita gefe. Ya sa ta a firi, ya nemi samari su tura, ko a kira janwe. Wanda kuma bai farga ba sai a kan hanya, ya sauka gefe ya kashe, ya daina gwada tayarwa. Kowane gwaji ƙarin gas ne a kan fulogi da cikin baƙin mai. A nan aikin ya ƙaru: wanke bututu da injekta, sabon filta, goge fulogi ko sauya su, da juyen baƙin mai. Duk da haka, mafi yawan motocin da aka tsayar da wuri suna komawa daidai.

Akwai wata shawara da ba ta ƙarewa a bakin mutane, kuma ita ce ta fi damuna. Da an taru a kan motar sai wani ya ce, "Alhaji, ba komai, ka cika ta da fetur kawai, zai narke." Maganar tana da ɗan tushe. Idan ragowar gas ce a gindin jarka, kofi ɗaya a cikin tanki cike, motar za ta yi ɗan hayaƙi ta wuce. Amma a yi lissafi. Galan ɗaya lita 4 ne. Kafin lita 4 na gas su koma kashi 5 cikin 100 na abin da ke tanki, sai an haɗa su da lita 76 na fetur. Tankin Corolla lita 50 yake ci, na Golf 3 kuma 55. Ko an cika shi har ya zuba, gaurayen bai yi sirkin da za a amince da shi ba, ga shi an ƙara lalata fetur na dubban nairori da dole a zuƙe daga baya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Shawarar ma ta zamanin cikakken tanki ce. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000. Yau mutum nawa ne a cikin birni ke yawo da rabin tanki? Allura a kan ja take kwana. Wanda ke da lita 3 a tanki aka juye masa galan na gas, fiye da rabin abin da ke ciki gas ne. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep da mai ƙaramin janareto sun fi kowa shiga wannan hali, domin tankinsu ƙarami ne. Sauƙinsu ɗaya, kafireto ne da su: a rufe makunnin mai, a zare tiyo, a tsiyaye tanki da kofin kafireto, a goge fulogi, aiki ya ƙare.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne kishiyarsa, fetur a motar gas, kuma shi ko a gidan mai yana faruwa, tunda siririn kan famfon fetur yana shiga kusan kowane tanki. Maiƙon gas shi ne ke shafe famfon injin gas daga ciki, famfon da a sababbin motoci matsinsa ke kaiwa ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Fetur yana wanke wannan maiƙo, ƙarfe ya ci ƙarfe, garinsa ya bazu har cikin injekta. Masu Hilux ta gas da masu manyan janareto su riƙe wannan.

Ba kullum laifin jarka ba ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar kula da harkar mai, NMDPRA, ta sanar da cewa an gano fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima a kasuwa, shugaban kamfanin mai na ƙasa (NNPC) na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen ruwa huɗu ne suka kawo shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kuma gwajin da aka saba yi a tashar ruwa bai haɗa da auna methanol ba. Motoci sun lalace, aka janye man, layi ya dawo gidajen mai na makonni. A irin wannan lokaci ne kasuwar bumburutu ke ci, kowa ya fito da jarka, ta ruwa da ta gas da ta kananzir, ana sauri ana rububi. Ƙarancin mai da ruɗewar jarka tare suke tafiya.

Saura abin da ba a cika magana a kai ba, wanda ni a ganina ya fi injin muhimmanci: ina man da aka zuƙe yake zuwa? A yadda mai yake da tsada, ba wanda ke son zubar da lita 20. Sai a bar wa yaran gareji, su kuma su sayar wa mai injin niƙa a matsayin gas, ko a kai gida a hura itace, ko a zuba a risho da fitilar ƙwai. Wannan gaurayen yana da kamannin gas da santsinsa, amma halin fetur gare shi. Fetur kaɗan ya isa ya sa tururi mai fashewa ya taru a cikin tankin risho. Haka kananzir mai gauraye da fetur ya ƙone mutane da yawa a gidajensu a Legas a 2001, mafi yawansu mata da yara, su da ke tsaye a kan girki da kunna fitila. Kada a zuba shi a kwata kuma. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, a lungunan birni kuwa tsakanin kwata da murhun mai ƙosai ko mai shayi taku kaɗan ne. Abin da ya nutse a ƙasa kuma rijiya zai tarar, a garin da gidaje da yawa da rijiya suka dogara. A zuba shi a jarka mai murfi, a rubuta a jiki, a bar shi a gareji don wanke kayan ƙarfe, nesa da wuta.

Haka ma zuƙo mai da baki yake da haɗari. Kullum ana ganin yaro ya sa tiyo a tanki ya ja da numfashi, ya tofar, ya goge baki da hannun riga. Ɗigo kaɗan idan ya sarƙe shi ya shiga huhu yana haddasa kumburi mai tsanani, wani lokaci sai bayan sa'o'i tari da haki su bayyana. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai ne ke ƙara kai man cikin huhu. A kai shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika. Famfon hannu na roba da ake zuƙo mai da shi ba shi da tsada, kuma duk maigidan gareji da ke da yara a ƙarƙashinsa haƙƙinsu ne a kansa ya saya.

Gane bambancin man biyu ba ya buƙatar na'ura. Launi ba abin dogaro ba ne, ballantana da dare ko a cikin galan da ya dafe. A ɗiga kaɗan a kan farar takarda: fetur zai bushe cikin minti ɗaya ko biyu, gas zai bar tabon maiƙo da ba ya tafiya. A murza a yatsa: fetur sanyi zai yi ya bar fatar a bushe, gas santsi zai yi. Minti biyun nan sun fi arha a kan yini guda a gareji.

Zariya ce ke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a hanyar Basawa tun 1986, ga sashen injiniya na ABU a Samaru, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Bai kamata a ce ilimin da ke cikin waɗannan wurare ya kasa tsallako ganuwa ya iso teburin ɗan bumburutu da rumfar bakanike ba. Zama ɗaya da ƙungiyoyin kanikawa da 'yan acaɓa, da Hausa, zai yi aiki mai yawa. Kafin su motsa, kai mai jarka biyu a zaure, nemi fenti yau ka rubuta FETUR a jikin ɗaya, GAS a jikin ɗayar, da boko da ajami, ka ware wa kowacce mazurarinta, ka kuma nuna wa yaron da kake aika.