Abin da Ya Sa Gwani Ke Tsoron Canjaras

A buɗaɗɗiyar gasar ces, wadda duk mai kuɗin rajista zai iya shiga, ba a fitar da wanda aka cinye. Tsarin Suwis ake bi: a zagayen farko a haɗa na sama da na ƙasa, daga nan kowa ya kara da mai maki irin nasa. Shi ya sa ɗalibi irina kan tsinci kansa gaban wanda ya shekara ashirin yana bugawa.

Kowane ɗan wasa yana da lambar ƙarfinsa, wato retin, kamar dai GP ɗinmu, sai dai shi kowane wasa taɓa shi yake yi. Arpad Elo, malamin fiziks a Amurka, shi ya tsara lissafin, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. Mafi girman retin da aka taɓa samu shi ne 2882, na Magnus Carlsen a 2014.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce mai 2000 ya zauna da mai 1800. Lissafi ya riga ya ba babban kashi 76 cikin 100 na makin wasan, ƙaramin 24. A ma'aunin da ake yi wa yawancin 'yan ƙasa da 2400, in babban ya ci, kusan 5 kacal za a ƙara masa. In aka cinye shi, 15 sun tafi. Canjaras ma asarar 5 ce gare shi, riba ga ƙaramin. Ka ga kujera iri ɗaya suke kai, amma fa zufarsu ba ɗaya ba ce.

Don haka za ka ga gwani yana ƙin musayar 'ya'ya, yana cakuɗa allo, yana jan wasa har agogon yaro ya kusa ƙarewa. Shi kuwa ƙaramin, Allah-Allah yake a ci doki a rama doki, allo ya yi fili a tashi kunnen doki.

Ni dai ban yarda da wannan dabarar ba. In 'ya'ya suka ragu, saura sarki da sojoji uku-huɗu, nan ne gwani ya fi ƙwarewa, soja ɗaya ya ishe shi. Gara ka kai masa hari tun sarauniya tana kan allo, tunda ko ka faɗi 5 ne kawai za a cire maka.