Harshe a Jikin Gini: Unguwar Jamusawa ta Birnin Sinsinati

Manazarta sun saba neman harshe a bakin masu shi ko a cikin littattafai. Unguwar Over-the-Rhine da ke birnin Sinsinati, a jihar Ohayo ta Amurka, shaida ce cewa akan tarar da shi a jikin bango ma, bayan bakuna sun sake shi.

Tun daga shekarun 1830 Jamusawa suka riƙa kwararowa birnin, suka tare a arewacin wata hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen dakon kaya. Aka laƙaba wa hanyar sunan Rayin, shahararren kogin ƙasarsu, saboda haka duk wanda ya haye gada zuwa unguwar sai a ce ya ƙetare Rayin. Ma'anar sunan ke nan. An janye ruwan a 1920, daga bisani aka shimfiɗa titi a gurbinsa, amma sunan bai gushe ba.

Abin lura shi ne, fasalin gine-ginen ba na Jamus ba ne. Galibinsu salon Italiya ne wanda Amurka take yayi a wancan zamani: jan bulo, hawa uku ko huɗu, dogayen tagogi matsattsu, da ado a ƙarƙashin bakin rufi, kanti a ƙasa, iyalai a sama. Al'adar baƙin ta fi fitowa a cikin abin da aka yi ginin dominsa: masana'antun giya masu ma'ajiya a ƙarƙashin ƙasa, da majami'u irin su ta Maryamu wadda aka aza harsashinta a 1841, da katafaren zauren kiɗa da aka buɗe a 1878, wanda al'adarsu ta bukin waƙa ta share masa fage.

Tun 1840 ake koyar da Jamusanci a makarantun gwamnati na birnin. Shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 ta tsinke wannan igiya. A 1918 aka daina koyar da shi a makarantun firamare, aka kwashe littattafansa daga kantocin laburaren birnin, aka sauya sunayen tituna: Bremen ya koma Republic, German kuwa, don tsabar ƙiyayya, ya koma English. Sauya allon titi aikin yini ɗaya ne. Rubutun da aka sassaƙa a dutse ya fi wuyar kankarewa, shi ya sa har yau ana iya karanta Jamusanci a goshin wasu majami'u da tsofaffin gine-ginen unguwar, wadda aka shigar da ita cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1983.