Sanya Wa Tsohuwar Fijo Na'urar Sanyaya Iska

Jefi-jefi akan ga tsohuwar Fijo 504, haɗin Kaduna, a hanyar Daura zuwa Mai'aduwa. Shin ana iya sanya mata iyakwandishan? Ana iyawa, amma da sharaɗi.

Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafin cikin mota take kwashewa ta zubar waje. Kwamfuresa ce ke matsa gas, inji kuwa ke juya ta da bel, saboda haka sai bakanike ya ƙera mata mazauni daidai da layin bel ɗin. Babbar matsalar ita ce kwandensa. A gaban lagireto ake ɗaura ta, iska kuwa kafin ta isa lagireton ta riga ta ɗau zafi. In ba a ƙara fankar lantarki ba, ruwan lagireto na iya tafasa da bazara, musamman cikin cunkoson ranar kasuwa.