Hoto da tufafin aro: wasa ne, kuma sana'a ce

A yau akwai samarin da ke yin shigar mutanen sararin sama irin na sinima, su biya mai hoto ya ɗauke su. Asalin al'adar daga birnin New York ne: a shekara ta 1939 Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka halarci taron masu son labaran kimiyya cikin irin wannan shiga.

Nijar ma ta san tufafin aro. A 1966 Moustapha Alassane ya yi sinimar «Le Retour d'un aventurier», inda wani saurayi ya komo daga Amurka ya raba wa abokansa kayan kaboyi. Sai suka mai da wasa gaskiya, suka tada hankalin gari.

Yanzu da salula ta shiga karkara, matashin Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, yana iya kama wannan sana'a: tela ya ɗinka, shi ya ɗauka. Amma a yanke kuɗi kafin aiki, kada a watsa hoton kowa sai da izininsa. In an gama, kowa ya tuɓe ya koma gonarsa, domin kayan aro ba ya rufe katara.